Jakara: Yadda Kano Ta Jawo Ruwa Ba Ta Tanadar Masa Mafita Ba

A watan Maris, lokacin da rani ya kai tsakiya, yawancin ƙoramun ƙasar Kano yashi ne fari fat, sai dai a tona a samu ɗan abin da za a shayar da dabba. Jakara kuwa gudu take yi. Ta ratsa tsohon birni, ta wuce ta gefen Fagge da Sabon Gari, ta karɓi ruwan rafin Getsi, ta miƙa arewa maso gabas har madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, alhali an yi wata biyar ko shida sama ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ruwan da ke cikinta a wannan lokaci na wanka ne da wanki da wanke-wanke, da jinin mayanka, da abin da ya tsiyayo daga sokawe, da dagwalon masana'antu. Wanda ya fahimci wannan ya kama bakin zaren tarihin Jakara na shekara ɗari da suka wuce. Kano ta daɗe da nata hanyoyin sarrafa ƙazanta, ƙanana, a warwatse cikin gidaje da unguwanni, kuma duk suna mayar da ita ga ƙasa. Zamani ya rushe waɗannan hanyoyi bai kafa wata a gurbinsu ba, sai kogin ya ɗauki nauyin duka. Ina ganin gyaran ma ta ƙananan hanyoyin nan zai biyo, kuma zaman jiran wata babbar matata guda ɗaya shi ne ya cinye mana shekaru.

Jakara ta girmi ganuwa. Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, ya ambace ta a zamanin Barbushe da mutanen Dala a matsayin kurmi mai tsarki, wanda ake kira Kurmin Baƙin Ruwa. Da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, a bakin wannan fadama ya kafa ta, kuma sunan kasuwar har yau yana tuna wa mutane dajin da ke wurin. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shigo Kano a 1824, ya tarar da fadamar ta kusan raba birnin gida biyu, ya kuma ga kududdufai birjik inda aka haƙi ƙasar gini. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, shi ma ya yi maganarta, ya kuma ƙiyasta mazauna birnin da kimanin mutum 30,000, adadin da kan ninka idan fatake sun sauka. Wannan adadi yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya, domin tsarin da zan bayyana an gina shi ne a kan birni mai wannan girma, wanda mutanensa ke jan ruwa da guga.

A wancan birni ƙazanta ba ta da hanya ɗaya da take bi, kowace iri da inda ake kai ta. Bayan gida yana zuwa salga, rami mai zurfi a ƙuryar gida, inda yake zama ya ruɓe a hankali ba tare da an kora shi da ruwa ba. Toka da shara da kashin awaki da na jakai ana tara su a juji, idan rani ya yi manoman ƙauyukan da ke kewaye su shigo da jakuna, su kawo itace ko kara ko hatsi, su koma da mangala cike da taki. Wannan ciniki shi ne sirrin gonakin kewayen Kano, waɗanda aka yi ta nomawa shekara bayan shekara ba a bar su sun huta ba, kuma ba su mutu ba; masana irin su Michael Mortimore sun yi dogon nazari a kansa tun daga shekarun 1960. Masu sana'a ma haka suke. Marini ba ya zubar da katsin da ya kwanta a gindin karofi, ana kwashe shi a ƙona a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, a yi laso, wanda ake shafe soro da shi don ruwan sama kada ya ci ginin, a kuma daɓe sabon ramin rini da shi. Majemi kuwa da bagaruwa da toka yake jima, abubuwan da ƙasa ta san yadda za ta narkar. Abin da ya rage, wato ruwan wanka da na wanke-wanke, kaɗan ne, domin wanda ya ja ruwa da hannunsa ko ya saya a wurin ɗan garuwa ba ya ɓarnarsa. Yakan fita ta rariya, ƙasar lungu ta shanye rabi, sauran ya gangara kududdufin unguwa.

Kududdufin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne abin da aka fi rainawa kuma shi ya fi yin aiki. Ba wanda ya haƙa shi da niyyar tace ruwa, ramin da tubali ya bari ne. Amma abin da ke faruwa a cikinsa shi ne ainihin abin da injiniyoyi suka zo daga baya suka tsara suka kira tafkunan tace dagwalo. Idan ruwa mai datti ya shiga wuri mai faɗi ya tsaya, abu mai nauyi yakan kwanta a ƙasa, har da ƙwayayen tsutsar ciki. Ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cinye dattin da ya narke, gansakukar da ke sa ruwan ya yi kore tana samar musu da iskar oksijin da rana, hasken rana da zafinta kuma suna kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Abin da aikin ke bukata lokaci ne da rana, ga shi kuwa rana ba ta yi wa ƙasar Hausa rowa ba. Ban da wannan, kududdufi yana riƙe ruwan sama a watan Agusta ya hana shi afka wa gidaje gaba ɗaya, yana kuma tsiyaya a hankali ya ciyar da rijiyoyi. Ruwan da ya tumbatsa ya isa Jakara ya riga ya kwana a tafki biyu ko uku, sannan fadamar kanta, da ciyayinta da taɓonta, ta ƙara tace shi.

Za a ce wannan yabon tsohon zamani ne kawai, kuma Clapperton da ya ga kududdufan da idonsa bai yaba musu ba, wari da rashin lafiya ya gani. Wannan magana gaskiya ce, ba kuma zan rage mata komai ba. Kududdufi gidan sauro ne, yaran da ke wanka a ciki suna kamuwa da tsargiya, wasu ma ruwa ya ci su. Rijiyar da ke kusa da salga tana gurɓata, kuma yawancin rijiyoyin cikin birni ruwan zartsi ne. Mutane sun mutu da cututtukan da yau ake iya kaucewa. Abin da nake cewa ya fi wannan ƙunci: tsarin yana da dabara a cikinsa, wato a raba ƙazanta tun daga tushe, a riƙe ta kusa da inda ta fito har ta huce, a mayar da abin da ya rage gona. Aibinsa shi ne ba a tsare shi ba, mutum da dabba da dagwalo duk suna haɗuwa a tafki ɗaya. Aibi irin wannan shinge da tsari ke gyara shi. Abin da aka yi kuwa shi ne an watsar da dabarar gaba ɗaya, aka bar aibin yana nan, sai dai ya ƙaura daga ƙofar gida ya koma kogi.

Sauyin ya faro ne bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka kafa Sabon Gari da unguwar Turawa ta Nassarawa a wajen ganuwa. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta kammala aikin jawo ruwa daga kogin Challawa, aka kafa tanki a kan Goron Dutse, famfo ya shigo gari. Alheri ne babba, kuma ba mai hankalin da zai yi fatan a koma guga. Sai dai duk ruwan da aka shigo da shi gari dole ya fita, kuma mafi yawan abin da gida ya sha daga famfo yakan dawo a matsayin dagwalo. A nan ne aka yi rabin aiki. Hukuma ta horar da duba-gari, ta sa ido a kan tsaftar gidaje da kasuwanni, a wasu unguwannin ta kawo bayan gida na bokiti da masu kwashewa da dare, amma ba ta gina hanyar da ruwan da aka yi amfani da shi zai bi a tace shi ba. Turawan sun san illar haka sarai, domin Landan kanta ta ɗanɗana: a 1858 warin kogin Temz ya addabi majalisar dokokinsu har aka ba Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa. A Kano sai aka ga kwata da lambatu sun isa, tunda gangaren ƙasa zai kai komai Jakara kyauta. Ƙidayar 1963 ta ba birnin kusan mutum 295,000, yau kuwa ana maganar miliyoyi. Masai na zamani mai ja da ruwa ya maye gurbin salga a gidaje da yawa, rijiyar burtsatse ta ƙara yawan ruwan da ake kwararwa, sokawe kuma idan ta cika ko dai ta tsiyaya cikin kwata, ko motar kwasa ta zuƙe ta juye a bayan gari.

Sai masana'antu suka zo da wani nau'in datti da tsohon tsarin bai taɓa sani ba. Bompai ce unguwar masana'antu ta farko, kuma ruwanta ta Getsi yake bi ya faɗa Jakara. Sharada da Challawa da suka biyo baya nasu yana gangarawa kudu zuwa kogin Challawa, wanda kuma birnin ke sha daga cikinsa. Kano ta yi suna da fata tun zamanin da jar fatar akuyarta ke ƙetare Sahara ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko, don haka ba abin mamaki ba ne manyan kamfanonin jima su taru a nan. Amma jimar kamfani da gishirin kuromiyom ake yin ta, ga sinadaran cire gashi masu warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga rinin masaƙu. Bambancin da ke tsakanin wannan da bagaruwa shi ne kuromiyom ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa. Rana ba ta kashe shi, gansakuka ba ta cinye shi, sai dai ya kwanta a taɓo, ya shiga ƙasar lambu, ya taru a jikin kifi. Doka ta zo a makare: sai bayan abin kunyar sharar guba da aka jibge a Koko a 1988 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, wadda NESREA ta gaje ta a 2007. A rubuce, kowace masana'anta wajibi ne ta tace ruwanta kafin ta sake shi. Launin Getsi ya isa shaida a kan yadda ake bin wannan doka.

A ƙarshen wannan hanya madatsar Wasai take, wadda aka gina a 1976, cikin jerin madatsun da aka tsara tun zamanin Gwamna Audu Bako don noman rani da kiwon kifi. Madatsar Tiga ta tare ruwan sama daga dazuzzukan kudu, ita kuwa Wasai abin da birni ya zubar take tarewa. Ba da niyya ba ta zama babban tafkin da dagwalon Kano ke kwanciya a ciki, tafkin da masunta ke kamun kifi, makiyaya ke shayar da shanu, ƙauyuka ke wanki. Tsakanin birni da madatsar kuma akwai 'yan lambu, a Kwakwaci da Nomansland da Gama da sauran wuraren da ke bakin rafin, waɗanda ke ɗaga ruwan da inji suna shayar da latas da kabeji da alayyafo da karas. Da safe kayan suna kasuwa. Tsohon zagayen nan na birni ya ba gona taki, gona ta ba birni abinci, bai mutu ba ashe. Abin da aka cire daga cikinsa shi ne zaman da ƙazantar ke yi ta huce kafin ta taɓa abin da za a ci ɗanye.

Kududdufan kuwa an bi su ɗaya bayan ɗaya an cike da shara, an yanka filaye, an yi gidaje da shaguna. Kowane da aka cike, ruwan da yake riƙewa sai ya nemi wani wuri, shi ya sa unguwannin da ba su san ambaliya ba suka san ta. Ita ma Jakara an ɗaure ta da kankare, kuma a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin rufe ta a shimfiɗa titi a kanta, wanda aka fi sani da titin Wuju-Wuju. Mazauna bakin rafin suna da hujjar murna, domin wanda ya rayu da wannan wari da sauro ya san abin da aka ɗauke masa. Amma kankare ba ya tace ruwa. Yana hana shi haɗuwa da ƙasa da ciyawa da rana, yana kuma ƙara masa sauri, sai ya isa ga manomin Kwakwaci da masuncin Wasai da ƙarfinsa kamar yadda ya fito.

Masu tsara birane da yawa za su ce maganin a bayyane yake: a shimfiɗa bututun dagwalo a duk gari, a kai shi babbar matata irin ta Wupa da ke Abuja. A kan takarda wannan ya fi tsafta, kuma a birni mai tsari kuɗin tace kowace lita yakan ragu idan matatar ta girma. Sai dai Abuja an zana ta ne kafin a gina, aka binne bututu kafin a kafa gidaje, duk da haka ba dukkan unguwanninta ke haɗe da shi ba. A tsohon birnin Kano akwai lungun da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace, kuma tona shi yana nufin taɓa harsashin gidajen ƙasa. Sannan irin wannan matata da wutar lantarki take numfashi: injuna ne ke hura iska cikin ruwan dare da rana, idan wuta ta ɗauke na tsawon lokaci ƙananan halittun da ke aikin sai su mutu, dagwalo ya wuce yadda ya shigo. Bututun ma yana bukatar ruwan famfo mai yawa kullum don ya kora abin da ke ciki. Birnin da har yanzu 'yan garuwa ke shayar da unguwanni da dama bai kai nan ba, kuma matata guda idan ta tsaya, ta tsaya wa kowa.

Tafkunan tacewa ba su bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Akan jera su uku: na farko mai zurfi inda datti ke kwanciya, na biyu mai faɗi inda gansakuka ke aiki, na uku marar zurfi inda rana ke ƙarasa kashe ƙwayoyin cuta, ruwan ya yi kamar mako uku ko huɗu yana tafiya da gangaren ƙasa kawai. Abin da za a ce a kansu shi ne suna cin fili, fili kuwa a Kano zinariya ne. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan abin da nake faɗa, kuma a cikin ganuwa ta yi nasara, domin filin ya riga ya tafi. Amma dagwalo ba ya shiga Jakara ta ƙofa ɗaya, ta manyan lambatu yake shiga, kowanne daga yankinsa, kuma a bakin da yawa daga cikinsu, musamman daga Gama zuwa Wasai da sababbin unguwannin da ke tasowa, akwai sauran fadama. Birnin Kolkata na Indiya ya nuna iyakar abin da wannan hanya za ta iya: dausayin gabashinsa, mai faɗin hekta 12,500, yana karɓar kaso mai yawa na dagwalon birnin, ya tace shi a tafkunan da masunta ke kiwon kifi, har aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2002. A kusa da mu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe da irin waɗannan tafkuna a gefen rafin Kubanni. Darasin da ke cikin ƙananan matatu a ko'ina shi ne sakaci ke kashe su: idan ba a yashe taɓon tafkin farko ba bayan 'yan shekaru, ba a cire leda daga mashiga ba, ba a sare ciyawar gefe da sauro ke fakewa a ciki ba, sai su koma kududdufin da Clapperton ya gani. Amma wannan aikin shebur ne da lauje, da ma'aikaci mai albashi da mai unguwa da ya san sunansa, abin da ƙaramar hukuma za ta iya idan an ɗora mata, ba kayan gyaran da sai an yi odarsu daga ƙasar waje ba.

Saura 'yan lambu, waɗanda duk lokacin da aka tayar da maganar Jakara su ake fara nuna wa yatsa. Korar su ba ta gyara komai: ba su suka ɓata ruwan ba, kuma iyalai masu yawa da shi suke ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ce a hana noma da ruwan da aka yi amfani da shi ba. A jagororinta na 1989 ta sa ma'auni ga ruwan da za a shayar da kayan da ake ci ɗanye, wato kada ƙwan tsutsar ciki ya wuce ɗaya a lita, kuma jerin tafkuna da aka kula da su suna cika wannan ma'auni, su bar wa manomi sinadaran taki da ke cikin ruwan. Sharaɗin guda shi ne kada dagwalon masana'anta ya gauraya da na gidaje, domin kuromiyom da dalma suna kashe halittun da ke aikin tacewar, su kuma mayar da taɓon da ya kamata ya zama taki ya zama guba. Kamfanin jima zai iya kwantar da kuromiyom ɗinsa a cikin harabarsa, ya ma sake amfani da shi, fasahar ba sabuwa ba ce. Don haka Getsi da Jakara matsala biyu ce da ke bukatar hannu biyu: ta farko ta mai dokar da zai rufe bututun kamfani ce, ta biyu ta mai filin da zai hana a yanka fadamar da ta rage.

Duk ɗalibin da ya yi karatun zaure a Kano ya karanta babin tsarki, inda malaman Malikiyya suka koyar da cewa ruwan da najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko wari bai halatta a yi alwala da shi ba, kuma an hana yin bawali a ruwan da ke tsaye. Mutanen da suka tashi da wannan karatu suna tsare tsarkin butarsu da tabarmarsu ƙwarai, amma hukuncin bai bi ruwan ya fita ta rariya ba, domin a da ba ya nisa, ƙasar lungu da kududdufin unguwa sun tare shi. Yanzu yana tafiyar kilomita masu yawa, ya isa ga mutumin ƙauyen Minjibir da zai tsaya a bakin madatsa da azahar yana duban ruwan da dukkan siffofinsa uku sun sauya. Filayen da za a iya haƙa tafkunan da za su tare masa shi suna nan tukuna a gefen rafin, kuma kowace shekara masu awon filaye suna ƙara matsowa kusa da su.